An sa wa Innarmu batirin zuciya, wurin ɗinkin ya tasa yana ƙaiƙayi, me za mu yi?

'Yar Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin ma'aikatan lafiya da duk wanda abin ya taɓa samunsa ko wani nasa. Innarmu ce aka dasa wa na'urar nan mai taimaka wa zuciya bugawa, pacemaker, a Duwala aka yi aikin saboda zuciyarta na bugawa a hankali sosai har takan ji jiri ta yanke jiki ta faɗi, yanzu ya kusa sati uku mun ma dawo gida. Alhamdulillahi jirin ya tafi, tana cin abinci tana fita tsakar gida da ƙafarta.

Damuwata wurin yankan ne. Yana gefen hagu na ƙirji, ƙasan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, tsawonsa kamar santimita 5, an cire zare kafin mu taho. Layin ya yi duhu ya ɗan tasa, in ka taɓa sai ka ji tauri, kuma da daddare ƙaiƙayi yake mata sosai har sai na riƙe mata hannu kar ta sosa, ga zafin Garwa na wannan watan kun san yadda yake, zufa ba ta barin wurin ya bushe. Ƙasan layin kuma ana ganin tudun na'urar ƙarara don Inna ba mai jiki ba ce, sannan akwai wani baƙi-baƙi da ya gangaro wajen hammata amma shi kam yana washewa.

Goggo ta dage a riƙa shafa man kaɗe da zuma safe da yamma wai tabon ya kwanta, wata maƙwabciyarmu kuma ta ce tudun nan mataccen jini ne a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe. Ni dai na hana amma gida ya fara min kallon mai taurin kai. Abin da ya ƙara ɗaga min hankali, a danginmu akwai masu tabo mai tudu, ƙanwar Inna daga hujin kunne kawai wani ƙulli ya fito mata har yau yana nan. To wannan ƙaiƙayin da taurin alamar warkewa ne ko alamar matsala? Yaushe za ta fara wanka yadda ta saba? Sallah fa, ɗaga hannu wurin kabbara ba komai? Kuma akwai abin da za mu yi tun yanzu kar tabon ya zama irin na ƙanwarta? Duwala da nisa, ba za mu iya komawa kan kowane ƙaramin abu ba.

Dattijo daga Njamena

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. Ni da nake rubuto miki ina ɗauke da irin wannan na'ura a ƙirjina shekaru da dama, a Tunis aka sa min, kuma ina zuwa kasuwa ina zuwa masallaci ba abin da ya rage.

Ki kwantar da hankalin mutanen gida game da tudun nan, ba jini ba ne, na'urar ce kanta, girmanta bai kai akwatin ashana ba amma tunda ƙarƙashin fata take dole a gan ta, balle ga marar jiki. Nawa ma har yau in na cire riga ana gani. Maganar wanzami kam a bar ta gaba ɗaya, ko da wasa kar aska ta kusanci wurin. Ƙaiƙayi ni ma na yi shi sosai, abin da ya taimake ni riga ce mai faɗi ta auduga wadda ba ta gogar wurin, da yanke farce, da kuma ɗan matashin kai da nake rungumewa in zan kwanta don kar in juya kan hagu cikin barci.

Abu guda da nake so ku kula da shi kafaɗa. Likita ya ce min kar in ɗaga gwiwar hannu sama da kafaɗa kuma kar in ɗauki kaya mai nauyi har sati 4 zuwa 6, don wayoyin da aka zura ta jijiya zuwa cikin zuciya su kama da kyau. Amma wannan ba yana nufin a naɗe hannu a ajiye ba, na san wani bawan Allah da tsoro ya sa ya manne hannunsa a jiki wata da watanni, zuciya ta samu lafiya kafaɗa ta ƙage, sai da ya sha wahalar gashi da motsa jiki kafin ta saki. Ta riƙa amfani da hannun a ƙananan abubuwa. Daka, jan guga a rijiya, ɗaukar jarka, goyon jika, shanya a igiya mai tsawo, waɗannan su dakata tukuna.

Wayar salula kuma kar ta riƙa cusa ta cikin zani ko aljihun gaba a gefen na'urar, a bar tazarar santimita 15, in za ta amsa kira ta kara a kunnen dama. Ki gaya mata kar ta ga kamar rayuwa ta ƙare, mutum na farko da aka dasa wa wannan abu a ƙasar Suwidin a 1958 sai a 2001 ya rasu yana da shekara 86.

Malamin asibiti, Marwa

Salam ƙanwata. Ni ma'aikacin jinya ne, wankin ciwo da ɗaure shi aikina ne na kullum, zan faɗa miki abin da na sani amma ki riƙe cewa ban ga wurin da idona ba, hoto ma bai kai gani ba balle rubutu.

Daga bayaninki, tauri a kan layin da ƙaiƙayi da duhun fata a sati na uku abu ne da aka saba gani, jiki ne ke saƙa sabon nama a ƙarƙashi, kuma baƙi-baƙin da ke gangarowa yana washewa jini ne da ya ɗan tsiyaya ƙarƙashin fata lokacin aiki, da kansa yake bajewa. Tabo baya gama zama yadda zai zauna sai bayan wata 12 zuwa 18, yakan fara da tashi da duhu daga baya ya kwanta ya yi laushi, don haka duk wanda ya ce miki a sati uku ya san yadda tabon zai ƙare gaggawa yake yi. Sai dai a wannan lokacin ɗinkin bai yi ƙwari ba ko da sama ta rufe, shi ya sa sosawa da murzawa ke iya buɗe shi.

Amma gaskiya ni ba tabon ne ya fi damuna ba, shi zai iya jira. Abin da ba ya jira shi ne ƙwayar cuta ta shiga aljihun da aka yi wa na'urar. Ciwon da ke da baƙon abu a cikinsa ba ɗaya yake da yankan wuƙa a yatsa ba, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar kowa irinsu stafilokok in suka samu hanya sai su manne a jikin ƙarfen da wayoyin su yi wa kansu wani yauƙi da magani baya ratsawa, kuma wayoyin nan har cikin zuciya suka tafi. In abin ya kai haka yawanci magani kaɗai baya isa, sai an cire na'urar da wayoyinta duka, a yi jinya, sannan a dasa sabuwa a ɗaya gefen, ki duba wahala da kuɗi da hatsari. Bai cika faruwa ba, wajen mutum 1 cikin 100 ne a dasawar farko, amma mu muke buɗe masa ƙofa da hannunmu in mun bari aka tsaga ko aka soka wurin. Ko a asibiti in jini ya taru a aljihun ba a son a soka allura a zuƙe saboda wannan dalilin, to ina ga askar wanzami da ƙaho. Ki tsaya kan bakanki, ba taurin kai ba ne.

Yanzu ga abin da za ki riƙa dubawa kullum da safe a hasken rana ba a hasken tocila ba. Takardun da ake ba mutane suna cewa a duba ja, amma a fatarmu ja baya fitowa sosai, abin da za ki gani shi ne wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi ya miƙe kamar zai fashe. Ki wanke hannu, ki ɗora bayan hannunki kusa da wurin sannan ki ɗora a daidai nan a gefen dama, in hagu ya fi ɗumi a fili to akwai magana. Ki ɗauki hoto da waya kowace safiya a wuri ɗaya, ido yakan saba ya kasa ganin canji amma hoton jiya da na yau in kin jera su sai ki gani. In tudun yana ƙara girma maimakon ya sace, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa ko mugunya na fita, ko bakin ɗinkin ya buɗe, ko fatar da ke kan na'urar ta yi siriri har ana hango ƙarfe, ko ta yi zazzaɓi da rawar ɗari, ranar nan za ku je asibiti ba gobe ba. Haka in hannun hagu ya kumbura, ko jirin nan da faɗuwa suka dawo, ko numfashi ya yi mata wuya.

Zazzaɓin nan ina so in ja kunne a kansa, don a nan duk zafin jiki sunansa maleriya, sai a aika yaro ya sayo magani a tebur. Mai na'ura a zuciya in ya yi zazzaɓi, ko bayan wata shida ne ko shekara, a gwada maleriya ɗin amma a faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa cewa akwai na'ura, a nuna masa katinta. Kuma kar a fara sha mata amoksisilin ko wani kafso kafin a gan ta, yana dusashe alamun ya kuma ɓata gwajin jinin da ake nemo ƙwayar cutar da shi, sai a zaci an warke alhali abin na ci ta ciki.

Wanka, in zare ya fita kuma bakin ya rufe ruf babu ɓawon da ke tsatstsafo da ruwa, yawanci ba laifi ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi su bi ta kai, ba soso ba dirza, a ɗan danna da tawul mai tsabta ya bushe, amma in likitanta ya faɗi wani abu daban nasa za ku bi. Zufa kuma a riƙa tsane ta da kyalle mai tsabta, banda hoda banda turare a wurin, igiyar rigar mama ma kar ta hau kan layin. Kabbara ba matsala tunda tafin hannu ne ke zuwa saitin kunne gwiwar hannu na ƙasa da kafaɗa, sai dai wurin tashi daga sujada kar ta dogara nauyinta kan hannun hagu, in da wuya ta yi a zaune zuwa ɗan lokaci addini ya ba da wannan sauƙin.

Tambaya biyu gare ki, Inna tana da ciwon suga? Kuma tana shan maganin tsinka jini irin asfirin ko wafarin?

Maman Biyu, Ngaundere

Allah sarki Inna, Allah ya ƙara sauƙi. 'Yar'uwa ni kan maganar tabo mai tudu zan yi magana don ina da shi a ƙirji daga ƙurji ɗan ƙarami ya samo asali, na zaga wurin likitan fata har na san kansa. Iri biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai wanda ke tashi ya yi kauri amma yana tsayawa iya layin yankan, wannan sau da yawa da kansa yake kwanciya a hankali. Akwai kuma kiloyid, shi ne ke wuce iyakar ciwon ya ci gaba da yaɗuwa cikin lafiyayyar fata, yana ƙaiƙayi yana suka, baya tafiya da kansa, yana bin dangi kuma ya fi kama baƙar fata, wuraren da ya fi so kuwa ƙirji da kafaɗa da fatar kunne, kin ga kenan tsoronki na kan hanya tunda ƙanwarta na da shi. Amma ba dole ba ne ya fito wa Inna, ki duba jikinta mana, hujin kunnenta, tabon rigakafi a damtse, ko wani tsohon yanka, in duk sun kwanta lafiya to da sauƙi. Kuma shi ba a sati uku yake nuna kansa ba, yakan ɗauki watanni.

Abin da likita ya ba ni silikon ne, akwai na shafawa akwai na mannawa, ana samu a manyan famasi, sai ciwo ya rufe gaba ɗaya ake farawa kuma yana son naci, aƙalla awa 12 a rana har wata 2 zuwa 3 ko fiye. Da zafin nan na mannawa yana tara zufa ya kawo ƙuraje, na shafawa ya fi min daɗi. Ki kuma kare wurin daga rana don tana ƙara masa baƙi. In ya riga ya fito akwai allurar da ake yi cikin tabon tana sa shi ya kwanta, amma yankewa kaɗai kam kar a yarda, dawowa yake yi sau da yawa ma ya fi na da. Dan Allah kuma kar a sa man bilicin wai don duhun ya tafi, fatar yake cinyewa ta yi siriri.

Ɗan Kusiri

Slm, Allah ba ta lafiya. Amma Malam zuma fa waraka ce, kakanninmu da ita suka yi ta warkar da ƙuna da gyambo tun kafin asibiti ya zo, ni ban ga laifin Goggo ba gaskiya, in an samu mai kyau ta daji ba haɗi me zai hana a shafa?

Malamin asibiti, Marwa

Ɗan'uwa ba wanda ya raina zuma, har a asibitocin duniya akwai wadda ake ɗaure ciwo da ita, amma waccan an tace ta an kashe duk ƙwayar da ke ciki an rufe ta a mazubi na musamman, ba ta cikin galan ɗin kasuwa ba da ake tsoma hannu da ludayi. Gyambon ƙafa in ya ƙi za ka wanke ka sake gwada wani abu, wannan kuwa hanya ce da ta miƙe zuwa zuciya. Inna ta sha zumarta a kunu in ba ta da suga, a jiki dai a ɗaga ƙafa. Man kaɗe mai tsabta shi kuma in an kwana biyu wurin ya warke sarai likita ya duba ya ce to, ba laifi a ɗan shafa sama-sama don bushewar fata musamman in hunturu ya shigo, yana rage ƙaiƙayi amma baya hana kiloyid.

Maman Biyu ta yi bayani mai kyau, abu biyu zan ƙara. Allurar cikin tabo a kan na'ura ba kamar ta kunne ba ce, kar wani ya yi ta sai da sanin likitan zuciya. Sannan tausar tabo da ake koya wa masu wasu ayyukan, a nan a bi a hankali, kar a riƙa murza na'urar ko juya ta da yatsa, akwai tsofaffin da hannunsu ke yawan wasa da ita ba su sani ba har ta juya ta naɗe wayoyin ta fizgo su daga inda aka kafa.

'Yar Garwa

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na karanta wa Inna saƙonka ta yi ta sa maka albarka, tun da aka yi aikin ba ta taɓa jin bakin wani mai irin abin ba. Na kuma karanta wa Goggo bayanin Malam daga farko har ƙarshe, maganar wanzami ta mutu, man kaɗen ta ce za ta ajiye har likita ya yarda.

Malam na yi gwajin bayan hannun, ɗumin ɗaya ne hagu da dama, ba ruwa ba wari ba zazzaɓi, na kuma fara ɗaukar hoton na tura wa likitan da ya yi aikin ta WhatsApp ina jiran amsa. Tabon rigakafinta na damtse a kwance yake Maman Biyu, kunnenta ma lafiya. Amsar tambayarka kuma eh tana da suga ta daɗe tana shan magani, kuma tana shan asfirin ƙarami kullum, ni har na fara tunanin ko mu dakatar da shi saboda baƙi-baƙin nan. Sannan an ba mu ranar komawa a duba na'urar, hanya ce ke ba ni tsoro, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde kafin Duwala.

Malamin asibiti, Marwa

Kar ku dakatar da asfirin ɗin da kanku, akwai dalilin da ya sa aka rubuta shi, ki tambayi likitan a saƙon da kika tura shi zai ce a ci gaba ko a tsaya. Suga kuwa shi ne abin da za ki sa wa ido yanzu, in ya hau ciwo baya saurin warkewa kuma ƙwayar cuta ta fi samun wurin zama, wani lokacin ma mai suga baya jin zafin ciwo sosai ko baya yin zazzaɓi mai ƙarfi, don haka dubawar safen nan kar ki fasa ko da ta ce ba abin da ke damunta. A riƙa gwada sugan akai-akai, ta samu kifi da ƙwai da wake da ganye, jiki na buƙatarsu wurin saƙa nama.

Ranar komawar nan kar ta wuce ku, a nan ne ake ɗora na'urar gwaji a kan ƙirji a ga ko wayoyin na zaune daidai a kuma duba ɗinkin da ido. A mota ki nema mata wurin da ba za a matse mata kafaɗar hagu ba, in bel ya bi ta kan wurin ki ninke ɗan tawul ki sa a tsakani, jaka kuma ke za ki riƙe, babur a hanya mai gargada a haƙura da shi tukuna. Katin na'urar ya zauna a jikinta kullum, ki ɗauki hotonsa a wayarki ma. In kun je ki gaya wa likitan zancen kiloyid na dangi ya rubuta a takardarta, don batirin yakan yi shekara 7 zuwa 12 sannan a sake buɗe wurin nan a canza, kuma ki tambaye shi ko akwai likitan zuciya a Garwa da zai riƙa duba ɗinkin tsakanin zuwa da zuwa.